Likitana ya tura sakamakon gwajina ga wanda ba shi ba, ina da hakkin kai ƙara?

Tambaya: Barista, likitan da nake gani ya tura sakamakon gwajina ga ƙwararren likitan zuciya ta imel, bai tambaye ni ba. Daga baya aka ce saƙon ya faɗa adireshin wani mutum daban. Me doka ta ce?

Amsa: Malama, abu biyu ne a nan, kada ki haɗa su. Tura bayananki ga ƙwararren da zai duba ki ba laifi ba ne a yawancin dokoki. Dokar HIPAA ta Amurka, ta 1996, mai kare sirrin bayanan lafiya, ta yarda likitoci su yi musayar bayani domin magani ko babu rubutaccen izini, haka ma GDPR, dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018. Idan a kan wannan kaɗai kika shigar da ƙara, da wuya ki yi nasara.

Inda kike da magana shi ne yadda aka tura. Ki fara tambaya: saƙon a kulle yake, wato an rikita rubutunsa ta yadda sai mai mabuɗi zai karanta, ko kuwa imel ne na yau da kullum? A nan shari'ar take juyawa. Idan a kulle yake kuma wancan mutumin ba shi da mabuɗin, dokokin biyu ba su tilasta a sanar da ke ba. Idan a buɗe yake, sirrinki ya fita. A ƙarƙashin GDPR, asibitin zai sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 da gano abin, ke ma a sanar da ke ba jinkiri idan haɗarin babba ne, kuma bayanin lafiya ba a ɗaukarsa da wasa. HIPAA ta ba da kwana 60 a sanar da mara lafiya.

Ki rubuta wa asibitin takarda, kada ki tsaya a kan waya, don maganar baki tana da wuyar tabbatarwa a matsayin hujja. Ki nemi kwafin saƙon, ranar da aka tura, abin da ya ƙunsa, da tabbacin cewa wanda ya samu ya goge.

Batun diyya kuwa ya danganta da ƙasar da kike. GDPR ta ba ki damar neman diyya har kan damuwa da zubewar mutunci, amma sai kin nuna cutar da ta same ki. HIPAA ba ta ba mutum damar kai ƙara da kansa ba; koke ake kai wa ma'aikatar lafiya ta Amurka cikin kwana 180, ƙara kuma sai ta dokar jiha. A ganina ki fara da koke ga hukumar kare bayanai ko mai ba likitoci lasisi, ya fi sauƙi da sauri. Ki adana duk amsar da asibitin ya ba ki, ki kai wa lauyan ƙasarki kafin wa'adin shigar da ƙara ya wuce.