Yadda wayoyin gida za su kalli fim daga faifai ɗaya ba tare da ƙona data ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da faifan ajiya ɗauke da fina-finan Hausa, karatun malamai da bidiyon bukukuwan dangi, sun kai gigabait 600. Kullum ana tsaye a kaina, wannan a tura masa ta Xender, waccan ta ce memorinta ya cika. Muna da rauta, da talabijin mai Android, da wata tsohuwar laftof da ba a amfani da ita. An ce in sayi NAS, da na ji kuɗinta sai na ja da baya. Akwai hanya mai rangwame? Kuma ba za ta cinye mana data ba? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar NAS tukuna. NAS ba komai ba ce illa ƙaramar kwamfuta da ke riƙe faifai tana raba abin da ke ciki ga na'urorin gida, kuma tsohuwar laftof ɗin nan da ke shan ƙura za ta yi aikin. Ta ma fi NAS da abu ɗaya da ya dame mu a nan: tana da batir. In an ɗauke wuta ba za ta mutu tsakiyar aiki ta lalata maka faifai ba.

Batun data kuwa, kwantar da hankalinka. Rauta aiki biyu take yi: haɗa na'urorin gida da junansu, da kuma fitar da su intanet. Kuɗin data a na biyun kawai ake caje ka. Fim ɗin da ya tashi daga laftof zuwa wayar uwargida bai bar gidan ba, ko datarka ta ƙare jiya zai yi.

Ka jona faifan a laftof, ita kuma ka haɗa ta da rauta da kebul, ba da Wi-Fi ba. Kebul ɗin bai da tsada, kuma shi ne ke raba ka da tsinkewar hoto. A Windows ka tabbata an saita haɗin laftof ɗin da rautar gidan a matsayin Private, sannan ka danna foldar fina-finan da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka zaɓi Sharing, ka raba ta. Kafin nan ka buɗe wani asusu daban a kwamfutar da kalmar sirrinsa, ka ba shi izinin karantawa kaɗai. Kar ka raina wannan. Yaro ɗaya da yatsa mai ƙaiƙayi ya isa ya goge bidiyon ɗaurin auren ƙanwarka daga wayarsa yana kwance a ɗaki.

A wayoyin da talabijin ɗin kuma ka sauke VLC, manhajar kallon bidiyo ce, kyauta. Ka shiga ɓangaren Browse, za ka ga sunan laftof ɗin ƙarƙashin na'urorin da ke kusa. Sa suna da kalmar sirrin sabon asusun nan sau ɗaya, shi ke nan. Kowa ya kalli abin da yake so kai tsaye, ba abin da ke sauka a memorinsa.

Wasu kan ji tsoron rauta mai araha ba za ta ɗauka ba. Mu yi lissafi. Fim na awa 2 mai nauyin gigabait 2 yana buƙatar abin da bai kai megabit 3 ba a daƙiƙa. Mutum biyar su kalla lokaci ɗaya, ba a kai 15 ba, alhali ko tsohuwar rauta ramin kebul ɗinta na ɗaukar 100. Inda ake samun cikas shi ne Wi-Fi ɗin kansa. Zangon 2.4 GHz ya fi ratsa bango amma ya fi cunkoso, na 5 GHz ya fi gudu amma bangon bulo biyu sun isa su raunana shi. Saboda haka fitar da rautar daga bayan kabad, ka ɗora ta sama a tsakiyar gida.

Abubuwa uku ne suka fi dawo da mutane wurina suna cewa ya daina aiki. Na farko, an rufe murfin laftof ta yi barci. Shiga saitin wuta ka ce kar ta yi komai in an rufe murfi, kuma kar ta yi barci in tana kan caji. Na biyu, rauta ta sauya wa laftof ɗin lambar da sauran na'urori ke gane ta da ita bayan an ɗauke wuta an dawo, jiya tana 192.168.0.105 yau ta koma wata. A saitin rautar akwai inda ake keɓe wa na'ura lamba ta dindindin, yi mata haka. Na uku ya taɓa cinye min yamma guda a gidan wani abokina: duk saitin daidai, waya ta ƙi ganin kwamfuta. Ashe wayar na kan Wi-Fi ɗin da aka ware wa baƙi ne, wanda da gangan aka yi shi don ya hana na'urori ganin juna.

Wasu rautoci, kamar TP-Link Archer C7, suna da ramin USB da za ka jona faifan kai tsaye ba ruwanka da laftof. Hanya ce mai kyau ga ƙarancin wuta, don rauta kaɗan take sha, ƙaramar sola ma ta riƙe ta. Sai dai tsofaffin da yawa da tsohon tsarin raba fayil mai suna SMB1 suke magana, wanda ta kansa cutar kwamfuta WannaCry ta bi ta addabi duniya a 2017, har Microsoft ta daina barin shi a kunne a sababbin Windows. In wani mai gyara ya ce ka kunna shi, ni ban ba ka shawara ba. Ka kuma duba tsarin da aka yi wa faifan fomat da shi: in FAT32 ne, ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, sai NTFS ko exFAT.

In daga baya ka so abin ya yi fasali, da hoton kowane fim da tuna inda aka tsaya, akwai Jellyfin, manhaja ce kyauta da ta fito a 2018. Amma ka fara da VLC. Jellyfin kan yi ƙoƙarin sauya tsarin bidiyo yayin kallo in na'urar ba ta gane shi ba, tsohuwar laftof kuwa a zafin watan Afrilu sai ka ji fankarta na kuka kamar injin markaɗe. Ɗora ta kan abin da iska za ta shiga ƙasanta, ka riƙa busa mata ƙura lokacin hunturu.

Saura abu ɗaya da ba ka tambaya ba. Da zarar kowa ya saba kallo daga faifan nan, za su goge nasu kwafin daga wayoyi, ya zama bidiyon bukukuwan dangi a wuri ɗaya tak suke. Fina-finan Kannywood ko sun ɓata ka sake samu a wurin masu turi a kasuwa, amma bidiyon sunan ɗanka na fari ba mai shi sai kai. Daga kuɗin da ka tsira da su na NAS, sayi faifai na biyu, ko ƙarami ne, ka kwafe hotuna da bidiyon iyali duk ƙarshen wata, ka cire shi ka sa a durowa.