Amsa: Me ya sa shugabanninmu ba sa iya ciniki da manyan kasashe?

Malam, ka ce ko duk shugabannin Afirka ne suke zuwa Turai da Sin hannu rabbana su dawo da bashi. Gaskiya ba duka ba. Dubi Botswana, a 2023 shugaban kasar na lokacin, Masisi, ya tsaya kai da fata da kamfanin hakar lu'ulu'u na De Beers, har ya ce zai iya fasa yarjejeniyar da ke tsakaninsu gaba daya, karshe dai kason lu'ulu'un da kasar ke sayarwa da kanta ya tashi daga kashi 25 zuwa 30, kuma a lokacin aka amince zai kai 50 cikin shekara goma. Abin da ke damuna wallahi, namu su kan je taro ba tare da kwararrun lauyoyi ba, a miko takarda kawai su sa hannu a dau hoto, talaka ya biya.