Tambaya da Amsa: Na yi free amma fointa ta ci gaba da aiki, ya aka yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar kwamfuta, muna yin yaren rubuta firogiram na C. Na rubuta ɗan firogiram na ajiye makin ɗalibai, na karɓi wuri a memori da malloc na riƙe shi da fointa mai suna p, da na gama na yi free(p) don in mayar da wurin, sai da mantuwa na sake buga p->maki a ƙasa, wallahi makin ya fito daidai a laftof ɗina amma a ta abokina wata lamba mara kan gado ta fito, wani lokacin ma ya rubuto Segmentation fault ya mutu. To in free ta goge abin ya aka yi nawa ya fito?
Ɗalibi daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai free ba ta goge komai, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Fointa adireshi kawai take riƙewa, in ka rubuta *p ko p->maki kana cewa kwamfuta ta bi adireshin nan ta ɗauko abin da ke can. Kamar ɗakin haya ne, ka mayar wa mai gida makulli amma takardar adireshin tana aljihunka, in ka koma yau ƙila ka tarar da tabarmarka ba a taɓa ba, gobe kuma an zuba sabon ɗan haya. A taka kwamfutar ba a riga an ba wani wurin ba shi ya sa ka ga makinka, a ta abokinka an riga an rubuta wani abu a kai, a Linux ma ita kanta free takan rubuta bayananta a farkon wurin da ka mayar.

Kuma gaskiya wanda ya fito daidai ɗin ya fi tayar min da hankali, don shi ne zai sa ka miƙa aiki kana ganin lafiya lau. Ƙa'idar C ba ta yi alkawarin komai ba bayan free. Ba ƙaramin abu ba ne, a 2019 Microsoft sun ce kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da suke toshewa duk shekara daga irin waɗannan kurakuran memori suke fitowa.

Abin yi, da zarar ka yi free(p) ka bi shi da p = NULL, wato p ta daina nuna ko'ina, amma ka sani in akwai wata fointa q mai nuna wuri ɗaya ita wannan bai taɓa ta ba, saboda haka tun farko ka tsayar da wane fanshin ne mai wurin, shi kaɗai zai yi free kuma sau ɗaya tak. Ka riƙa duba ko malloc ta dawo da NULL, alamar ba a samu wuri ba, kafin ka taɓa. Sannan ka haɗa firogiram ɗin da gcc -g -fsanitize=address ko ka bi shi da Valgrind, manhajar gano kurakuran memori, za su nuna maka layin da ka yi free da layin da ka koma.

TAMBAYA: Malam a C++ ma haka abin yake?
Wata ɗaliba daga Maraɗi

AMSA: Haka yake ƙanwata, new mai karɓar wuri tana tafiya da delete mai mayar da shi, new[] kuma da delete[], kar ki cakuɗa su da malloc da free. Amma tun C++11 akwai wata irin fointa, unique_ptr, da ke sakin wurin da kanta in aikinta ya ƙare, ita nake so ki saba da ita.