Amsar Gwaggo kan maganar ƙara aure

Ɗana, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina gajiya, yaya aiki, yaya iyali?

Saƙonka ya iso. Ka ce shekararku bakwai da aure Allah bai kawo haihuwa ba, mahaifiyarka da baffanninka sun sa ka gaba ka ƙara mata, har an nuna maka wata yarinya. Tambayarka ita ce: tunda al'adarmu ce, tunda kakanka mata uku gare shi kuma bai fasa zuwa sujada ba har ya koma ga Ubangiji, ina laifi in ka bi sawunsa?

Bari in fara da Baba, domin ni na tashi a gidan, kai labari ka ji. Bishara ta same shi da matansa uku. Ya aure su tun yana kan al'adar iyayensa, lokacin da yawan mata da 'ya'ya shi ne yawan hannun da ke riƙe fartanya a gandu. Da ya ba da gaskiya, aka ce ba za a yi masa baftisma ba sai ya sallami biyu. Ya ce ina zai kai su, wa zai riƙe musu 'ya'ya? Sai ya zauna haka. Ranar Jibin Ubangiji, in an zo wucewa da gurasa, yakan naɗe hannuwansa a kan gwiwa ya sunkuyar da kai, a ƙetare shi a ba na kusa da shi, wani ma ɗan cikinsa. Haka ya yi ta yi har tsufa. Wannan matsala ba a ƙauyenmu kaɗai aka sha fama da ita ba. Bishop-bishop na Anglikan sun zauna a babban taronsu na Lambeth, a Ingila, a 1888 suka hana yi wa mai mata da yawa baftisma, sai a 1988 suka sassauta, suka ce a karɓe shi da matansa, amma da sharaɗin ba zai ƙara wata ba. Ka lura da sharaɗin. Duk sassaucin da aka yi, an yi shi ne domin wanda bishara ta tarar a ciki. Kai kuwa an haife ka cikin ikkilisiya, ka tsaya gaban bagade da hankalinka, fasto ya tambaye ka ko za ka rabu da sauran mata duka ka manne wa wannan, cikin daɗi da wuya, har mutuwa ta raba. Ina wurin, na ji amsarka. Baba bai taɓa yin wannan alkawari ya karya ba. Kada ka ɗauki abin da ya yi ta kuka a kai ka mai da shi hujja.

Kuma ka duba takardar da kuka sa wa hannu. In ta rajista ce, dokar aure ta Najeriya ta hana ka ɗaura wani auren gargajiya a kanta, har ta yanka ɗaurin shekara 5. Ba kasafai ake kai mutum kotu ba, na sani, amma gara ka san inda ka tsaya.

Baffanninka za su ce maka ai Ibrahim ma ya yi. Ya yi. Buɗe Farawa sura 16 ka karanta har ƙarshe, kada ka tsaya inda suka tsaya. Bayan shekara 10 a Kan'ana, Saratu da kanta ta miƙa masa Hajaratu, bisa al'adar zamaninsu, da kyakkyawar niyya. Ciki na shiga raini ya shiga. Saratu ta juya ta ɗora wa Ibrahim laifi, Hajaratu ta gudu jeji, daga baya aka kore ta da ɗanta da gurasa da salkar ruwa. Gidan Elkana ma haka: Feninna mai 'ya'ya ta riƙa tsokanar Hannatu kowace shekara har ta kasa cin abinci. Amma akwai wanda ba a cika ambata ba a irin wannan zama na dangi, wato Ishaku. Ya auri Rifkatu yana da shekara 40, tagwaye ba su zo ba sai yana 60. Shekara 20 ke nan, a gidan da ake jiran magajin alkawari, kuma abin da aka rubuta ya yi shi ne ya roƙi Ubangiji saboda matarsa. Zakariya da Alisabatu kuwa Luka ya shaide su masu adalci ne a gaban Allah, alhali sun tsufa ba ɗa. Don haka duk wanda ya ce maka rashin haihuwa alamar zunubi ce ko asiri, ka nuna masa wurin.

Yanzu in zo kan abin da ba ka tambaya ba. A saƙonka ka ce yarinyar "tana da hankali, tana yawan tambayar lafiyata". Ta ina take tambaya? Wa ya ba ta lambarka? Ƙarfe nawa take turo "ka ci abinci?", kuma in saƙon ya shigo, kana barin wayar a kan tabarma ko kifa ta kake yi? Ɗana, da ɗan gari akan ci gari. Matsin dangi yana da ƙarfi, amma ba zai iya kai ka ko'ina ba sai wani abu a cikinka ya buɗe masa ƙofa, kuma abin da Yakubu ya faɗa ke nan a wasiƙarsa sura ta 1, cewa sha'awar mutum ce ke jansa. Jarabar da ta zo daga bakin uwa ta fi wuyar ganewa, domin uwa ba maƙiyiya ba ce, jika take so ta goya kafin ta mutu, kuma tana da gaskiyarta a nan. Sai dai son da take maka ba ya warware alkawarin da ka yi wa 'yar mutane. Yusufu bai tsaya yi wa matar Fotifar wa'azi ba, rigarsa ya bari ya fita da gudu. Ka goge lambar. Ka gaya wa wanda ya haɗa ku, a fili, cewa babu wannan magana, domin ita ma yarinyar kada a ɓata mata lokaci, masu sonta na nan. Ka sami dattijo ɗaya a ikkilisiya wanda kake jin nauyinsa ka faɗa masa komai, ya riƙa tambayarka.

Sai maganar asibiti. Na san matarka ta sha saiwa da jiƙo iri-iri, an kai ta wurin masu addu'a, ta yi azumi har ta rame. Kai fa? Likitoci sun ce kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki. Hangum in ya kama namiji bayan ya balaga yana iya taɓa shi, ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba haka. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Asibitin koyarwa na Shika, a Zariya, yana kusa da ku, ku tafi tare. Na ga gidan da aka ƙara ta biyu, aka ƙara ta uku, duk shiru, sannan hankali ya dawo kan maigida, bayan uwargida ta sha gori shekara da shekaru.

Kana tsammani girma cikin tsarki sai a taron farkawa da azumin farkon shekara. Naka yana cikin gidanka. Matarka tana zuwa suna, a miƙa mata jaririn wata, mata su ce "Allah ya kawo naki" da murya mai kaifi biyu, ta yi murmushi, ta dawo ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Kana zuwa ka zauna kusa da ita? In mahaifiyarka ta yi habaici a tsakar gida, kana cewa "Inna, ki yi haƙuri, maganar tamu ce mu biyu", ko tashi kake yi ka fita majalisa ka bar ta ita kaɗai? Ba na ce ka yi wa uwarka rashin kunya ba. Ana iya durƙusawa har ƙasa a ce a'a. Ku riƙa addu'a tare da baki, ba kowa a gefensa ba, ko da kalma biyu ce kafin barci. Idan kuma zuciyarku ta kwanta da riƙo, wannan ma al'adarmu ce, kuma ba ta saɓa wa alkawarin kowa. Marayu a danginmu ba su ƙare ba. Amma ku yanke shawarar tare, kada a kawo mata yaro kamar an kawo mata shaida a kanta.

Ba zan ce maka lalle za ku haihu ba, wannan na Allah ne. Mahaifiyarka kuwa ka bar ni da ita. Bayan an gama yankan dawa zan je gida, zan zauna da ita da baffanninka, kuma abin da na rubuta maka shi zan maimaita musu. Kafin nan ku je asibitin, ka kira ni ka gaya mini abin da likita ya ce game da kai.

Ka gaishe mini da 'yata da kyau.

Gwaggonka