Kayan wasan rufa-ido da tantabara: a ina zan samu a Kaduna?

Malam, ka tambayi inda za ka samu kayan fito da tsuntsu ko zomo a dandamali. Ba sai ka yi odar waje ba, galibinsu masu walda da kafintocin kasuwar Panteka da ke Kaduna za su ƙera maka in ka zana musu.

Fara da kaskon kurciya. Murfinsa mai zurfi ne, a ciki akwai wani kasko na biyu da tsuntsuwar ke zaune. Ka nuna wa jama'a kaskon ba komai, ka rufe, na cikin ya sauko, ka buɗe sai ga kurciya. Ka sa a huda ramukan iska a murfin, kuma a goge bakin ƙarfen sumul. Akwatin zomo kuwa madubi ne aka jingina a karkace, zomon na bayansa, ido na ganin akwati fanko.

Amma ka nemi farar kurciya ta gida, ta fi tantabara ƙanƙanta da natsuwa. Tantabarar unguwa in ta tashi, sai dai ka bi ta har gidansu. Zafin Maris da Afrilu kuma yana galabaitar da zomo da sauri, don haka kada ka saka dabba a maɓoya sai dab da shigarka fili.