Kada ka miƙa maganin ƙaiƙayi ga dabbar da ba ka gani ba

Na ga saƙonka, yaro. Ka ce wata Hajiya ta zo shagonmu na maganin dabbobi ba na nan, karen gadinsu yana susa har gashin gadon bayansa ya zube, yaranta ma suna susa, kuma akwai mage a gidan. Tana son magani guda da zai yi wa kowa. Kai kuma kana tambaya ko ka ba ta ivermectin, maganin tsutsa da ƙwarin fata, da dexa, wato dexamethasone mai kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, ta tafi, ko ka haɗa mata da maganin nan na karnuka da ake ɗigawa a ƙeya.

Kada ka ba ta komai. Ko audugar goge wurin allura kada ta fita daga shagon nan sai an ga karen da ido. Da ba ka ambaci mage ba, da amsarka ke nan na koma barcina. Magen ce ta tayar min da wani tsohon miki.

Lokacin da na buɗe shagon nan, kana goye ko ma ba a haife ka ba, akwai wani Alhaji a unguwar masu hannu da shuni da ke kirana duba karnukansa. Alsatian biyu, manya, ƙuma ta cinye su. Na je na duba, na sayar masa da maganin ɗigawa mai permethrin, na ɗiga wa karnukan da hannuna. Saura guda ya rage a kwalin, ya ce in bar masa na wata mai zuwa. Ina tattara jakata sai ga wata mage fara sol, mai dogon gashi da murtukakkiyar fuska, irin 'yan Farisa ɗin nan, ta fito daga falo. Ya ce daga waje ya sayo wa amaryarsa, ya faɗi kuɗinta har sau biyu don in ji da kyau. Na ce masa, Alhaji, wannan maganin guba ne ga mage. Kada a ɗiga mata, kada ma a bar ta ta kwanta kusa da karnukan nan sai bayan kwana uku. Ya ce ya ji. A gaban maigadinsa da direbansa na faɗa.

Ba a yi mako ba aka buga min waya cikin dare. Na tarar da ita kwance a kan tayil, kunnuwanta na karkarwa, fatar bayanta na motsi ita kaɗai, yawu na dalala, can sai ta sandare ta shiga shure-shure. Na sa hannu a ƙeyarta, gashin ya jiƙe da maiƙo, ga warin maganin. Ba sai an gaya min ba. Na wanke ta da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan, na yi mata allurar tsayar da fizga, na sa mata ruwa. Gubar nan ba ta da makari, yaro, iyakarka ka riƙe dabbar har jikinta ya fitar da ita, in da sauran kwana. Maganin ya daɗe a jikinta kafin su kira ni, suna ta ba ta madara da manja wai za ta amayar. Abin da ya shiga ta fata, ina ruwansa da amai? Kafin asuba ta mutu.

Da rana tsaka sai ga 'yan sanda a ƙofar shago. Alhaji ya rantse cewa ni na ce maganin na kare da mage ne, ni na bar musu don ita. Direba ya ce bai ji komai ba. Maigadi ya sunkuyar da kai. Kwalin da ke ɗauke da hoton mage an ja masa jan layi, wanda ko jahili zai gane, ya ɓace. Aka tambaye ni shaidar cewa na gargaɗe shi. Wace shaida, magana ce ta baki tsakanin mutum da mutum, kuma a lokacin nan maganar dattijo takarda ce. Na kwana a bayan kanta tare da ɓarayin waya. Dattawan kasuwa suka shiga tsakani, aka ce a yi sulhu, sulhun kuwa shi ne in biya rabin kuɗin mage. Babur ɗina na sayar, wanda nake zagaya rugage da shi. Daminar nan gaba ɗaya a ƙafa da motar haya na yi ta, Fulanin da nake yi wa rigakafi da yawansu suka koma wurin wani. Kuɗin aikin karnukan, da na allurar daren, da ruwan da na sa mata, har yau ban ga ko sisi ba.

Bayan shekaru maigadin ya bar aikin, ya zo sayen maganin tsutsar awaki, ya ce in yafe masa. Ya ce amarya ce ta ga magen na susa ta ɗiga mata, Alhaji ya sani tun a daren, shi ya sa aka ƙona kwalin. Na yafe wa maigadi, talaka ne mai tsoron abincinsa. Shi kuwa Alhajin muna haɗuwa a masallacin Juma'a, yana miƙo min hannu yana murmushi. Ina karɓa saboda wurin da muke. Sauran magana sai gaban Allah.

Shi ya sa ka ga littafin nan mai baƙin bango a kan kanta, wanda kake ɗora kofin shayinka a kai. Duk wanda ya sayi maganin ƙuma ko kaska, a rubuta dabbar da aka saya wa, a rubuta an gaya masa bai shafi mage ba, ya sa hannu ko ya dangwala. Na duba shafukan watan nan, fari fat. Ku yaran yanzu kuna iya zama ku rubuta wa budurwa saƙo mai tsawon wa'azi, amma layi biyu a littafin shago ya gagare ku.

Abin da ya sa mage ba ta ɗaukar permethrin, hantarta ce ba ta iya narkar da shi kamar ta kare. Na ɗigawar karnuka kuma mai ƙarfi ne, wani yana kai kashi 45 zuwa 65 cikin ɗari. Shi wannan permethrin ɗin, kashi 5 cikin ɗari, shi ne man da likitocin mutane ke bayarwa a shafa wa mai ƙazuwa. Yana yi wa yaro, yana yi wa kare, yana kashe mage. To ina maganin guda da Hajiya ke nema? Haka paracetamol, ƙwaya ɗaya ta isa ta aika mage lahira. Amitraz da muke wanke shanu da shi, shi ma ka nisanta shi da ita da doki.

Yanzu karen. Yadda ake sa takunkumi da yadda ake riƙe shi ba zan ɓata bakina ba, in har yanzu ba ka iya ba ka koma sayar da katin waya. Ka sa safar hannu ka taɓa shi da gaske, ba wannan tsayuwar nesa da kake yi kana leƙe kana kare rigarka ba. Inda yake susa shi ke fara ba ka labari. Gadon baya zuwa gindin wutsiya, kamar yadda ta kwatanta, ƙuma ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Za ta ce maka ba ta taɓa ganin ƙuma a jikinsa ba, kowa haka yake cewa. Taje shi a kan farar takarda, baƙaƙen ɗigo za su zubo, ka ɗiga musu ruwa. In suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, jinin karen ne ta sha. Wani kare jikinsa ba ya jituwa da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya ishe shi ya yi makonni yana gurzar kansa a bango. Kuma wadda ka gani a jikinsa 'yar kaɗan ce. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai arba'in zuwa hamsin a rana, suna faɗuwa a shimfiɗarsa da tsagar siminti da ƙasan mota inda yake kwana, su ƙyanƙyashe, wasu 'ya'yan su yi watanni a kwance cikin kwansonsu kafin su fito. In ka kashe na jikinsa ka bar na gida, wata mai zuwa za ta dawo ta ce maganinka jabu ne. Magen ma sai an yi mata nata, wanda aka rubuta na mage, don ƙumar da ta fi addabar karnuka asalinta ta mage ce.

In kuwa gefen kunne ne ya yi ɓawo, da gwiwar hannu da ƙasan ciki, ka yi tunanin ƙazuwar kare. Murza gefen kunnen tsakanin yatsunka, in ƙafar baya ta kama susa a iska, ka kusa gane ta. Kankara fatar da reza har jini ya ɗan tsattsafo, ka kawo min in duba a madubin likita. Sau da yawa ba a ganin ƙwaron ko yana nan, don haka rashin gani ba ya wanke shi. Akwai wani ƙwaron daban da ke kama 'yan kwikwiyo, gashi ya zube kewayen ido da baki ba tare da susa sosai ba, ba ya yaɗuwa. Wannan in ka kuskura ka danna masa dexa, ka buɗe masa ƙofa ya cinye karen gaba ɗaya.

Dexa ɗin nan ita ce ta lalata sana'ar nan. Yaro ya yi allura, susa ta tsaya kafin gobe, mai kare ya ce an samu gwani. Abin da ke cizon yana nan, an dai rufe wa jiki baki ne. Kare ya kama shan ruwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa, garkuwar jikinsa ta yi sanyi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: fatar da aka yage da farce ta kama ruwa, ta yi mugunya, ta yi wari. Tana da ranarta, amma bayan an san ciwon, kuma ni zan faɗi ranar.

Ivermectin magani ne na kirki, ba na raina shi. Tun 1981 yake hannun masu dabbobi, shi ne kuma Mectizan da ake rabawa a ƙauyukan bakin kogi saboda makanta, har waɗanda suka gano shi, Omura ɗan Japan da Campbell, suka ci kyautar Nobel a 2015. Amma kwalbar da ke shagonmu ta shanu ce. Kai da ba ka auna kare ba, ba ka san irinsa ba, za ka miƙa wa mace sirinji ta je ta yi kintace? Akwai karnukan Turawa na kiwon tumaki, irin su Collie, da maganin ke haye musu ƙwaƙwalwa, su kama tangaɗi, su makance, su suma. Jefi-jefi ana samun haka har a cikin Alsatian.

Yaran kuwa ba namu ba ne. Asibiti za ta kai su, kuma ka faɗa mata da babbar murya don a ji. Abin da za ka iya yi mata shi ne ka ce ta gaya wa likita akwai kare da mage a gidan, don da yawa ba sa tambaya. Cizon ƙuma a idon sawu da ƙwauri yake taruwa. Ƙazuwar kare takan hau hannu da cikin wanda ke rungumarsa, amma ba ta hayayyafa a jikin mutum, in an warkar da karen takan tafi. Ta mutane daban ce, tsakanin yatsu da wuyan hannu, ta hana barci da dare, yara kan kwaso ta a makarantar kwana, kuma gida gaba ɗaya ake yi wa magani rana guda. In kuma zagayayyen tabo ne a kai gashi na karyewa, makero ne, mage na iya ɗauke da shi jikinta sumul. Wani yaron kuma ba ƙwaro ba ne, jikinsa ne ba ya son magen, atishawa da jan ido da borin jini. Abin da jikin yaron ke ƙi a yawunta da maiƙon fatarta yake, don haka masu aske mage ƙwal suna wahalar da baiwar Allah ne a banza.

A wajen karen, sai an kore duk waɗannan ake maganar abinci ko ƙurar gida. Karen da ke lasar tafin ƙafa, kunnensa na yawan ciwo, babu ƙuma babu ƙazuwa, ana ɗora shi a kan nama iri ɗaya da bai saba ci ba har mako takwas, ba ƙashin kaza, ba ragowar tuwo. A gidan da yara ke jefa masa duk abin da ke hannunsu, ka gaya min wa zai iya.

Ka tambaye ta kuma abin da suka riga suka shafa masa, don ba a zuwa wurinmu sai an gama da baƙin mai na inji da fiya-fiya. Za ta ce babu. Ka shinshina karen.

Kwalayen permethrin da ka jera a gaban kanta don su yi kyau a hoton da kake sawa a WhatsApp, ka kwashe su yau ka mayar cikin durowar ƙasa ka kulle. Makullin ka ba mai shayi ya ajiye min.