Ƙanena ya ce bai yarda akwai Allah ba, to da me yake jure wannan yaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni Bahaushiya ce, haifaffiyar Khartum, yaƙin Sudan ya koro mu garin Gadarif a 2023. Mahaifinmu ya rasu a nan lokacin kwalarar 2024. Bayan sadakar uku ƙanena ya ja ni gefe ya ce in daina tashinsa sallar asuba, wai ya shekara biyu bai yarda akwai Allah ba, don Baba kawai yake ɓoyewa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne duk gidan babu mai tsayuwarsa. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke kwana asibiti da Inna, da rana yana takiyya, wato wurin dafa wa jama'a abinci kyauta, yana rabon adas (wani irin wake). Ni mai sallah da addu'a wata rana ko tashi ba na iyawa. Wanda ba shi da Allah da me yake dogara? Ko kuwa imanina ne ya yi rauni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna lafiya. Ni Musulmi ne, amma aikina duba lafiyar ƙwaƙwalwa da halayyar mutane, don haka hukuncin ƙanenki a addini na bar wa malamai. Abin da zan iya faɗa miki shi ne inda irinsu ke samun abin riƙewa idan duniya ta yi zafi.

Bari in fara da tambayarki ta biyu don ta fi sauƙi. Kasa tashi da safe bayan rashin uba, rashin gida da rashin garin da aka haife ki ba ma'aunin imani ba ne. Baƙin ciki ne, kuma jiki ne ke ɗaukarsa. Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, babu wanda ya ce imaninsa ya ragu.

To shi ƙanenki fa? Amsar tana cikin wasiƙarki: ruwa, asibiti, takiyya. Duk wuraren da kika lissafa wurare ne da wani ke jiransa. Mutumin da ya san idan bai zo ba tukunya ba za ta hau wuta a kan lokaci ba, yana da dalilin tashi ko da zuciyarsa ta yi nauyi. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, takiyyu da ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni suka ciyar da jama'a masu yawan gaske, kuma tushensu shi ne nafir, abin da mu a gida muke kira gayya. Mai imani yana shiga gayya yana kwaɗayin lada. Marar imani yana shiga ne da wani lissafi: idan babu wanda zai kawo ɗauki daga sama, to ba shi da uzurin zama. Irin wannan tunani ba ya sanyaya zuciya, amma yana hana mutum naɗe hannu. Marubucin Faransa Albert Camus ya gina labarinsa na annoba na 1947 a kan likita irin wannan, a birnin Oran na Aljeriya, wanda bai yarda da Allah ba amma bai bar majinyata ba ko yini ɗaya.

Binciken masana ma ya nuna mutane ne igiya mafi kauri. Wata masaniya, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Amurka a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya cikin uku sun fito lafiya lau, kuma abin da ya fi maimaituwa a tarihinsu shi ne samun ko da babba ɗaya da ya riƙe su da gaske. Kaka, gwaggo, malamin makaranta. A gidanku, wataƙila ke ce wannan mutumin a wurinsa, shi ya sa ke kaɗai ya faɗa wa.

Akwai kuma wani abu da zai yi miki kama da namu. Mu mukan ce ƙaddara ta riga fata, mu sallama. Su ma suna sallamawa, sai dai ba ga mai ƙaddarawa ba. Sukan raba al'amura gida biyu, abin da ke hannunsu da abin da ba ya hannunsu, su zuba ƙarfinsu a na farko. Asalin wannan daga Epiktitus ne, wani bawa da ya zama malamin falsafa a zamanin Rumawa, wanda shi kansa ya yarda da abin bauta. Albert Ellis, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka wanda bai ɓoye rashin addininsa ba, ya ɗauko wannan ya mai da shi hanyar magani a 1955, kuma yau da ita da ƴan uwanta muke yi wa Musulmi da Kirista aiki a asibiti ba tare da an taɓa aƙidar kowa ba. Ƙanenki ba zai iya tsayar da yaƙi ba. Zai iya tafasa ruwan da Inna za ta sha.

Yanzu ga wurin da nake so ki tsaya ki duba da kyau, domin mutanenmu ba sa son jinsa. Akwai nauyi ɗaya da marar imani ba ya ɗauka. Ba ya kwana yana tambayar wane zunubi ya yi da aka ɗauke masa uba, ko me ya sa aka ƙi amsa addu'arsa. A wurinsa kwalara ƙwayar cuta ce da ke bin ruwa marar tsabta, yaƙi kuwa aikin mutane ne masu sunaye. Kenneth Pargament, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda mutane ke jure masifa da addini, ya raba abin biyu. Wanda ke jin Allah yana tare da shi a cikin jarrabawa yana samun sauƙi ƙwarai. Wanda ke jin Allah ya yi fushi da shi ko ya yashe shi, damuwarsa ninkuwa take yi, har ta taɓa lafiyar jikinsa. Idan cikin abin da ke danne ki da safe akwai irin wannan tunani na biyu, shi ne abin da za ki kai wa malamin da kika amince da shi, ba batun ƙanenki ba.

Sai dai kada ki ɗauka ya fi ki sauƙi. Ke kina da yaƙinin za ki sake ganin Baba, kina yi masa addu'a kina jin tana isa gare shi, kina da sujadar da za ki yi kuka a cikinta ba wanda ya gani. Shi duk wannan babu. Abin da ya rage masa na Baba shi ne tunawa da shi da yin abin da Baba zai so. Primo Levi, Bayahuden Italiya marar imani da ya tsira daga Auschwitz, sansanin kisa na ƴan Nazi, ya rubuta cewa a Oktoban 1944, lokacin da ake zaɓen waɗanda za a kashe, addu'a ta zo masa baki, ya haɗiye ta, don yana ganin rashin gaskiya ne ya roƙi wanda bai yarda da shi ba saboda tsoro kawai. Amma shi ɗin ne ya amsa cewa masu imani, na addini ko na aƙidar siyasa, sun fi irinsa jure sansanin. Na fi yarda da wannan shaida fiye da ta masu cika baki a Facebook, na kowane ɓangare.

Abin da ya fi damuna game da ƙanenki kaɗaici ne. A Turai marar addini yana da dubban irinsa. A unguwar Hausawa a Gadarif, Kasala ko Maiwurno, inda kakanninmu suka zauna a kan hanyar Makka, zumunci duk a ƙofar masallaci yake ƙulluwa, daga ɗaurin aure har jana'iza. Wanda ya fita daga sahu ya fita daga abubuwa da yawa. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Sudan ta soke hukuncin kisa kan ridda a Yulin 2020, amma soke doka bai canja bakin mutane ba. Idan kuma yana cikin samarin da ke neman hanyar tafiya Saudiyya aiki, ya sani cewa a 2014 dokokin can sun sa yaɗa ilhadi, wato musun samuwar Allah, cikin ayyukan ta'addanci. Don haka sirrin da ya ba ki amana ce mai nauyi, kada ki kai ta zauren dangi da sunan neman shawara.

Sannan ki sa masa ido. Ba duk mai kai-kawo ba ne mai ƙarfi. Na sha ganin wanda ya cika yininsa da aiki don kada ya zauna minti biyar shi da zuciyarsa, sai bayan wata shida ko shekara ya zube. Ki lura ko yana barci, ko yana cin abin da yake raba wa mutane, ko ya taɓa ambaton Baba tun ranar da aka binne shi. Idan ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani, ko da a cikin raha ne, ku nemi likita a makon nan. Ke ma idan kasa tashin nan ya wuce mako biyu a jere, ki je a duba ki.

Addu'arki gare shi ki ci gaba da ita, wannan tsakaninki da Ubangijinki ne. Shi kuwa, idan ya dawo daga takiyya yau, ki ajiye masa nasa kwanon, ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi me Baba ya ce masa a daren ƙarshe da suka yi a asibiti.